Babi na Uku: Lissafin da Ke Bayan Tikitin Cacar Ƙwallo

Duk wanda ya san Darmanawa da Gyadi-Gyadi ya san yadda yammacin Asabar yake idan gasar Firimiya ta kankama. Ana sallame La'asar janareta za su fara ruri a lunguna, mai gidan kallo ya fito da allonsa ya rubuta wasannin ranar da alli, matasa su cika benci, 'yan Arsenal nan, 'yan Chelsea can, ana musu ana tsokanar juna. Wannan ba baƙon abu ba ne a garin da ya haifi Kano Pillars, ya kuma sha cika filin wasa na Sani Abacha saboda ita. Baƙon abin shi ne wani irin ɗan kallo da ya ɓullo a 'yan shekarun nan. Yana zaune gaban talabijin amma idonsa na kan waya. Ƙungiyarsa ta ci biyu babu ko ɗaya, jama'a na ihu, shi kuwa fuska a murtuke, don ƙwallo uku yake jira. Can sai ka ji yana tambayar yadda aka tashi a wani wasan rukuni na biyu a ƙasar Beljiyam, tsakanin ƙungiyoyin da ko launin rigarsu bai sani ba. Wannan gadin tikitinsa yake yi.

Na rubuta wannan babi ne domin wanda bai san harkar ba: matashin da abokai suka fara kwaɗaita wa, ɗalibin da ya ga ɗan ajinsu ya ciyo kuɗi, da uba ko malamin da yake jin ana cewa "tikiti" da "od" bai san inda aka dosa ba. Matsayina a fili yake. Caca haramun ce a Musulunci, aya ta 219 a Suratul Baƙara da ayoyi na 90 da 91 a Suratul Ma'ida sun yi maganarta tare da giya. Amma yaron da aka ce wa "haramun ce" aka yi shiru, yakan je ya ji sauran bayanin daga bakin mai talla. Gara ya ji shi a nan, da alƙalumansa, domin shi kansa lissafin cacar ya isa hujja a kanta.

Daga takarda zuwa waya

Cacar ƙwallo ta girmi intanet nesa ba kusa ba. A 1923 kamfanin Littlewoods ya fara ta a birnin Libaful na Ingila, inda mutum zai cika takarda yana hasashen sakamakon wasanni. Irin wannan ce ta shigo Najeriya ta zauna shekara da shekaru, mutum ya cika takardarsa ya jira mako guda kafin ya san makomarsa. A Kano an fi saninta a Sabon Gari, kuma nisa da kunya sun hana yawancin 'yan cikin unguwanni kusantarta.

Intanet ce ta rushe wannan katanga. NairaBet ta fara a 2009, Bet9ja a 2013, daga baya irin su SportyBet, BetKing da 1xBet suka cika kasuwa. Da farko shago ake zuwa, a faɗa wa yaron kwamfuta wasannin, ya buga 'yar doguwar takarda ya miƙo. Yanzu ko shagon ba a buƙata. Tsohuwar wayar hannu da aka sayo a kasuwar Farm Centre, da data ta naira 200, da asusun banki na waya, sun wadatar. Abin da a da sai an shiga mota an je wata unguwa, yanzu yana cikin aljihun ɗalibi a aji, yana kuma ƙarƙashin matashin kansa da tsakar dare.

Yadda ake karanta tikiti

Ɗauki tikiti ɗaya ka duba. A kowane layi akwai sunan ƙungiyoyi biyu, sai alamar abin da mutum ya zaɓa, sai wata lamba mai ɗigo. Alamar 1 na nufin mai masaukin baƙi zai ci, X canjaras, 2 kuma baƙo zai ci. Akwai mai zaɓar yawan ƙwallaye: idan ya ce sama da 2.5, to sai an ci uku ko fiye. Akwai mai cewa kowace ƙungiya za ta zura ƙwallo. Akwai wadda ake ba ƙaramar ƙungiya ƙwallo ɗaya ko biyu a takarda tun kafin a take wasa, don a daidaita ta da babba. Har yawan kwana da katin gargaɗi ana zuba musu kuɗi.

Lamba mai ɗigon ita ce od, kuma ita ce farashi. Ana ninka kuɗin da ka zuba da ita. Ka zuba naira 1,000 a kan 1.50, idan ka dace a ba ka 1,500, ribarka 500. Ka zuba a kan 4.00, a ba ka 4,000. Ƙaramar lamba na nuna kamfani yana ganin abin zai iya faruwa sosai, babba na nuna da wuya. Idan kana son sanin yadda kamfani ya auna lamarin, raba 100 da lambar: 2.00 na nufin kashi 50 cikin 100, 4.00 kashi 25, 1.25 kashi 80.

Can ƙasan takardar akwai jimillar od da kuɗin da za a iya ci, galibi da manyan baƙaƙe. Nan idon sabon shiga yake fara sauka, nan kuma yake tsayawa.

Kason kamfani

Mu ɗauki misali mafi sauƙi, wasa tsakanin ƙungiyoyi biyu masu ƙarfi ɗaya, ba canjaras, kamar a jefa kwabo sama. Farashin adalci a nan 2.00 ne ga kowane ɓangare. Kamfani ba zai ba da haka ba, zai rubuta misalin 1.90 da 1.90. A ce mutum 100 suka zuba naira 1,000 kowanne, rabi nan rabi can. Kamfani ya tara 100,000. Ko wa ya ci, mutum 50 zai biya 1,900 kowanne, wato 95,000. Naira 5,000 ta zauna masa tun kafin alƙali ya busa usur. Ba ruwansa da wanda ya ci.

A wasa mai sakamako uku ma haka ne. Idan ka ga 2.00 da 3.30 da 3.60, raba 100 da kowacce ka haɗa: 50 da 30.3 da 27.8, jimla 108.1. Yiwuwar abubuwa ba ta wuce 100, don haka wannan 8 da ta hau kai ita ce kason kamfani, an cusa ta cikin farashi inda mai saye ba ya gani.

Wani zai ce kashi 5 ai ba yawa. Mai adashin kasuwa da ke zagayawa kullum shi ma yana ɗaukar zubin kwana ɗaya a wata, ladan ajiyarsa, amma sau ɗaya yake ɗauka, sauran kuma naka ne tabbas. Kamfanin caca kuwa duk sanda kuɗin ya gitta ta gabansa sai ya gutsura, kuma ɗan caca ba ya zubi ɗaya ya tafi. Abin da ya ciyo da safe shi yake mayarwa da yamma. Wanda ya fara da naira 10,000 yana juya abin da ya dawo masa, a matsakaicin lissafi bayan juyi 10 saura kimanin 6,000, bayan juyi 20 saura ƙasa da 3,600. Babu wanda ya yi masa maguɗi. Tsarin ne ya yi aikinsa.

"Wasa ɗaya ne ya yanke ni"

Matasanmu ba su cika buga wasa ɗaya ba, don ribar naira 100 a kan wasa ɗaya ba ta sayen ko shayi da burodi. Jera wasanni suke yi, 10 ko 15 ko 20 a tikiti ɗaya, a ninka od ɗin juna har naira 200 ta yi alƙawarin dubu ɗaruruwa. Sharaɗin shi ne duka su shigo. Ɗaya ya kuskure, tikiti ya mutu.

Ga abin da ya kamata kowane sabon shiga ya zauna ya lissafa da hannunsa. A ce kai masani ne na gaske, duk wasan da ka zaɓa kana da kashi 70 cikin 100 na dacewa. Ka jera 10. Yiwuwar duka su shigo ita ce 0.7 a ninka ta da kanta sau 10, abin da ya ba da ƙasa da kashi 3 cikin 100, kusan tikiti ɗaya a cikin 35. Ka jera 20, ya koma kusan ɗaya a cikin 1,250. Kason kamfani kuma yana ninkuwa tare da kowane wasa da ka ƙara. Shi ya sa kamfanoni ke ba da garaɓasa ga mai dogon tikiti. Sun san abin da suke mayar masa bai taka kara ya karya ba a kan abin da tsawon tikitin yake kawo musu.

Yanzu ga inda tarkon yake. A wannan misali na wasanni 10, yiwuwar tara su shigo ɗaya ya faɗi ta kai kashi 12 cikin 100. Wato "saura ƙiris" ya ninka ci na gaske fiye da sau huɗu. Wannan magana da ake ji kullum a majalisar mai shayi, "wallahi wasa ɗaya ne ya yanke ni," ba alamar an kusa ba ce. Ta fi cin tikitin yawan faruwa ga mutumin da ya san ƙwallo, kuma ita ce ke dawo da shi gobe. Wanda duk wasanninsa suka zube yana iya zuciya ya bari. Wanda ɗaya ya yanke shi yakan kwana yana ganin kuɗin nasa ne aka ƙwace.

Daga nan sai neman fansa. Mutum ya rasa 500, ya zuba 1,000 don ya dawo da ita, ya rasa, ya zuba 2,000. Wannan dabara ta ninkawa tana da daɗin ji, amma faɗuwa bakwai a jere ta cinye naira 63,500, alhali ko da ya dace a od 2.00 ribar da yake bi 500 ce kacal. Mafi ƙarancin albashi a Jihar Kano da aka amince da shi a 2024 naira 71,000 ne. Garin neman gira an rasa ido. Mafi saurin cin kuɗi kuma shi ne wasan na'ura, wanda ba 'yan wasa ba fili, kwamfuta ce ke fitar da sakamako duk bayan 'yan mintuna. A nan ko rigar "sanin ƙwallo" babu, kuma abin da a da yake ɗaukar mako guda yana iya ƙarewa kafin a kira Isha'i.

Sanin ƙwallo da masu sayar da "tabbas"

Ɗan Kano ya san ƙwallo, wannan ba musu. Zai lissafa maka 'yan wasan Real Madrid har da na benci, ya faɗa maka wanda ya ji rauni. Sai dai duk abin da ya sani kamfani ya riga shi sani, ya kuma saka shi a farashi. Kamfani na da ma'aikatan lissafi da bayanan dubban wasanni, yana kuma ganin inda kuɗin jama'a yake karkata. Sanin cewa Manchester City ta fi ƙarfin ƙaramar ƙungiya ba ya kawo riba, domin saninsa ne ya sa aka rubuta 1.20. A irin wannan farashi, faɗuwa ɗaya tana shafe ribar ci biyar.

Ƙwallo kuma ba ta da alƙawari. A kakar 2015/16 an ba Leicester City 5,000 a kan 1 cewa za ta ɗauki kofin Firimiya, ta kuma ɗauka, kafin Ahmed Musa, tsohon ɗan Pillars, ya koma can a 2016. Ranar 22 ga Nuwamba 2022 Saudiyya ta doke Ajantina 2 da 1 a gasar kofin duniya a Katar, Ajantinar da ta zo ta ɗauki kofin duniyar. Irin wannan rana ce ke sa mu son ƙwallo, ita ce kuma ke kashe tikitin miliyoyin mutane lokaci guda.

Sai masu tallan "wasan da aka riga aka shirya" a Telegram, WhatsApp da Facebook. Dabararsu tsohuwa ce. Mutum ya tura wa mutum 1,000 saƙo, rabi ya ce musu gida zai ci, rabi ya ce ba zai ci ba. Dole 500 su ga ya faɗi daidai. Ya sake raba su, 250 su ga daidai sau biyu, 125 sau uku. Waɗannan sun gama yarda, su zai ce wa su turo kuɗin "babban wasa". Murɗe wasa yana faruwa da gaske. A wasan sada zumunta na Najeriya da Ajantina a Abuja ranar 1 ga Yunin 2011, alƙalin wasa Ibrahim Chaibou ɗan Nijar ya bar wasa ya zarce lokacin da aka ƙara, ya ba da fanareti aka tashi 4 da 1, kuma yadda kuɗi suka kwarara a kan ƙwallo ta biyar ya jawo bincike. A Janairun 2019 FIFA ta haramta masa harkar ƙwallo har abada saboda karɓar rashawa. Masu irin wannan aiki ɓoye shi suke yi iyakar iyawarsu, domin yaɗuwarsa na karya farashi ya kuma tona musu asiri. Ba za su sayar wa baƙo a waya kan naira 5,000 ba.

Idan ɗalibai ne a cikin fili

Akwai darasi daga Amurka, inda gasar ƙwallon jami'o'i, irin tasu mai kama da zari-ruga, ta zama babbar kasuwa. Tun wasan Rutgers da Princeton na 1869 ake yin ta, kuma filin Jami'ar Michigan kaɗai yana ɗaukar mutum sama da 107,000. Ranar 14 ga Mayun 2018 Kotun Ƙolin ƙasar ta soke dokar 1992 da ta hana yawancin jihohi halatta cacar wasanni, kuma cikin 'yan shekaru jihohi sama da 30 suka buɗe ƙofa. Can an fi buga wadda ake ba ƙaramar ƙungiya maki a takarda, kuma farashin da aka saba shi ne ka zuba dala 110 don ka ci 100. Mai bugawa sai ya dace a sama da kashi 52 cikin 100 kafin ya mayar da uwar kuɗinsa kawai.

Abin da ya biyo baya ya shafi ɗaliban kansu. A 2023 an binciki 'yan wasa da dama na Jami'ar Iowa da Jami'ar Jihar Iowa kan caca, wasu an gurfanar da su, wasu sun rasa damar buga wasa. A Maris na 2024 shugaban hukumar wasannin jami'o'i ta NCAA, Charlie Baker, ya roƙi jihohi su hana zuba kuɗi a kan ƙwazon ɗalibi ɗaya tilo, saboda zagi da barazanar da waɗanda suka yi asara ke aika wa yaran. Mu ma muna da wasannin jami'o'i na NUGA, muna da gasannin makarantu da na unguwanni. Yaron da ba shi da albashi, ga kuɗin rajista na jiran sa, shi ya fi sauƙin saye. Ranar da kuɗin caca ya shiga irin waɗannan wasanni, ko kuskuren mai tsaron gida na gaskiya ba wanda zai ƙara yarda da shi.

Doka, Hisbah da wayar aljihu

Kano ta ƙaddamar da shari'ar Musulunci a 2000, kuma caca laifi ce a ƙarƙashinta. An kafa Hukumar Hisbah da doka a 2003. A 2024 hukumar ta rufe gomman shagunan cacar ƙwallo bayan koke-koken iyaye da masu unguwanni. Masu shagunan sun daɗe suna fakewa da lasisin tarayya a ƙarƙashin dokar caca ta ƙasa ta 2005, amma ranar 22 ga Nuwamba 2024 Kotun Ƙolin Najeriya ta yanke hukunci, a ƙarar da Jihar Legas ta jagoranta, cewa wannan hurumi na jihohi ne. Bayan hukuncin, Hisbah ta sanar za ta ci gaba da rufe shagunan.

Rufe shago yana da amfani, domin yana raba ƙananan yara da wurin koyo. Amma ba mai iya sa kwaɗo a wayar aljihu. Caca ta bar bakin titi ta koma ɗaki, inda ba mai gani sai an fara neman kuɗin makaranta, ko cinikin shagon maigida, ko balas ɗin adaidaita sahu. Naira 500 kullum ta zama 182,500 a shekara, kuma da yawa sun wuce nan ba su sani ba, don ɗan caca yana tuna ranar da ya ci, yana manta kwanakin da aka ci shi.

Abin da gida zai iya yi

Hukumar Lafiya ta Duniya ta lissafa kamuwa da caca cikin cututtuka, kusa da shaye-shaye. Alamominta sanannu ne: ƙara yawan zubi, ƙarya game da kuɗi, rance daga nan zuwa can, sayar da kaya, fushi idan aka hana, da yunƙurin bari da ya sha faskara. Wanda ya kai nan duka da gori ba sa warkar da shi, ɓoyewa suke koya masa. Akwai sashen lafiyar ƙwaƙwalwa a Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano da ke maƙwabtaka da Darmanawa, akwai kuma asibitin Dawanau, kuma zuwa can ba abin kunya ba ne.

Kafin a kai nan, akwai aikin da wa zai iya yi wa ƙaninsa da biro da takarda. Ya zaunar da shi ba tare da tsawa ba, ya ce, "Ƙanena, buɗe min tarihin asusunka na wata uku." Amsar da zai fara ji sananniya ce: "Yaya, ai ina ci, ko makon jiya na ci." Sai ya ce, "To madalla, mu rubuta." Layi ɗaya abin da ya shiga kamfani, layi ɗaya abin da ya fito, a haɗa kowanne a gabansa, shi da kansa ya cire wannan daga wancan. Bayan nan a rufe asusun, a goge manhajar, a bar wani amintacce ya riƙe masa kuɗi na ɗan lokaci, a kuma lissafa basussukan a tsara yadda za a biya, domin bashin da aka ɓoye shi ke mayar da mutum.

Malaman lissafi na sakandare su ma suna da rawar takawa. Darasin yiwuwar aukuwar abu yana cikin manhaja, kuma babu misalin da zai kama hankalin ɗan aji biyar kamar 0.7 da aka ninka sau 10 a kan allo. Limami ya faɗi hukuncin Allah a huɗuba, malami ya nuna lissafin a aji, uba ya san abin da ke cikin wayar ɗansa. Ƙwallo kuwa a bar wa yara abarsu, su buga a fili su kalla a gidan kallo, domin ba ita ce matsalar ba. A babi na gaba za mu bi sawun kuɗin da kansa: inda matashi ke samo na zubi idan nasa ya ƙare, da yadda manhajojin ba da rance suke ɗora masa bashi a kan asara.